Bayan Wata

Kwana tara ruwan sama yana dukan rufin kwano a tsibirin Chiloé.
Murhun itace yana tari, dankali yana tafasa,
ni kuma na jingina waya da tulun madara
ina karanta wa kakana Evaristo lambobi.

Shekara shida ke nan da yana ta rufe masa ido.
Ya ce, "Maite, ina suke yanzu?"
Na ce, "Kilomita dubu ɗari uku da saba'in daga gida."
Ya yi lissafi da yatsunsa masu kantar igiya,
ya ce, "Kai! Ko iska tana bayana,
kwale-kwalena sai ya ruɓe a hanya."

A fuskar wayar ɗigo ne kawai, fari,
yana jan zare mai lanƙwasa zuwa wani faifai mai ruwan toka.
Mutum huɗu ne a cikin ɗigon nan,
da cokulansu, da safarsu, da bashin barcinsu.
In na matse yatsu biyu, duniya ta koma ƙwayar wake.
Na ce masa gudunsu ya ƙaru.
Ya ce, "Wata ne ya kama su.
Haka yake janye teku daga ƙarƙashin gidan nan sau biyu a yini,
bai taɓa yin sallama ba."

Shekara hamsin yana fita su da umarnin wata,
bai taɓa tunanin yana da ƙeya ba.

Ƙarfe biyu saura, matar da ke bayani ta ce
za su shiga bayansa, magana za ta yanke,
minti arba'in ko fiye.
Layin sauti ya miƙe, ya kwanta.
Amma ɗigon bai tsaya ba,
lambobi suna ta zuba kamar ba abin da ya faru.
Na ce, "Kaka, ba a jin su, amma ga su can suna tafiya."
"Wa ya gan su?"
"Ba kowa. Na'ura ce take ƙiyasta inda ya kamata su kai."

Ya juya fuska wajen tagar da ba ya gani.
"Haka kakarki Ondina ta yi
shekarar da kawunki Baldomero ya zagaya bayan tsibiri.
Kullum da safe sai ta ce,
yanzu ya wuce baƙin dutse,
yanzu ya hango fitilar gaɓa,
yanzu yana ɗaure jirgi.
Wata bakwai kwanonsa yana kan tebur.
Lissafinta bai taɓa kuskure ba.
Shi ne dai bai zo ba."

Ban san abin da zan ce ba, sai na sauke dankali.
A kusurwar allo an rubuta mu miliyan biyu ne muke kallo.
Ban san ko ɗaya ba,
amma na ji kamar duk muna tsaye a gaɓa guda,
kowa da mayafinsa, ba mai magana.
Kare ya yi miƙa.
Minti talatin da tara.
Arba'in.
Arba'in da ɗaya, hannuna ya yi sanyi.

Sai ƙara, kamar an jefa gishiri a wuta,
sai muryar namiji, tana rawa, tana dariya,
Turancin da rabinsa ya wuce ni.

Kakana bai yi tafi ba.
Ya ce, "Duka huɗun?"
"Duka."
"Ƙirga mini su."
Na ƙirga muryoyin ɗaya bayan ɗaya,
shi kuma yana naɗe yatsa, har ya rage babban.
Ya daɗe yana riƙe da shi.

Can ya ce in buɗe ƙofa.
Ba wata a sama, sai gajimare da warin ciyawar teku,
sai ruwa yana dawowa a hankali
yana lasar ginshiƙan gidanmu.
Ya kasa kunne, ya ce,
"Kin ji ko? Ya sake su.
Ya koma bakin aikinsa."