Mai Gadin Cikin Inji

Ran Laraba, bayan azahar,
Nafi'u ya kurɗo da motarsa garejinmu na Kwakwaci,
ja wur, an sassauke ta har tana lasar ƙasa,
salansa kamar bakin turmi.
Ya ce, "Oga Tasi'u, tana min kuka da mai."

Na ɗaga bonat. Ai kuwa.
An ɗora mata tabo, sabo fil,
kuɗinsa ya sayi babur har da canji,
an sauya fistin, an buɗe mata maƙogwaro,
ga baƙin mai na tsattsafowa ta bakin gaskit,
sandar awo ta zabura ta bar raminta
kamar ɓeran da aka zuba wa ruwa.

Ya ce ringi ne.
Abokinsa mai baƙin gilashi ya ce a sauke inji.
Ban ce kanzil ba.
Na bi tiyo da yatsa tun daga murfin kai,
na zaro wani ɗan abu
da bai fi dabino girma ba.

Ka gani, samari, inji ma da cikinsa.
Duk bugun fistin, hayaƙi kan sulale ta gefen ringi
ya faɗa can ƙasa inda mai ke kwance.
In bai sami ƙofa ba, shi zai sara wa kansa,
ya tura sil, ya ɓalle gaskit.
Wannan ɗan bawul shi ne mai gadi:
fita, bismilla; komowa, ba hanya.
Da tana yadda maƙera suka bar ta, aikinsa kaɗan ne.
Kai ka gayyato tabo,
ga iska nan da ƙarfin tsiya
tana neman shiga ta ƙofar fita.

Na kaɗa shi a kunne. Shiru.
Mai lafiya kan ce kacau-kacau.
Na kai baki na hura, iska ta wuce.
Na juya na hura, ta sake wucewa.
Mai gadi ya sandare, ƙofa a wangale.

Ɗacin nan a leɓena,
shi ne na ranar da Oga Mamuda, Allah ya jiƙansa,
ya cusa min irinsa a hannu a bayan Tal'udu
ina ɗan sha huɗu, ya ce hura.
Shi da ƙirjinsa ke shaƙewa in dare ya raba,
ya fi kowa jin tausayin injin da bai numfashi.
Bai taɓa gaya min haka ba. Ni na gane daga baya.

Na jiƙa shi a fetur, daskararren mai ya narke,
amma sifirin ya riga ya mutu.
Na kira Ɗanliti: maza Ƙofar Ruwa,
na ƙarfe nake so, na roba ba ya jure zafin tabo,
kuma ka hura a gaban mai shago, kar ka ji kunya.

Ya dawo da la'asar sakaliya.
Kibiya ta kalli manifol, na ce, kar a juya ta,
na ɗaura ɗan gwangwani a tsakani ya riƙa tare tururin mai.
Duk juyen mai, ka cire, ka kaɗa, ka hura,
ka zubar da abin da gwangwanin ya tara.

Na faɗi kuɗi. Nafi'u ya tsaya yana kallona,
kamar arhar ta zage shi.
Ya ce, "To salansar fa, ba za a ƙara mata murya ba?"

Ya fice, ƙararsa ta bi titin Katsina.
Na durƙusa na duba inda ta tsaya:
ɗigon farko ne kawai, ba sabo.
Na jefa mataccen a gwangwanin madara
cikin 'yan'uwansa talatin da wani abu,
na ɗauki buta.
Sau uku na kurkure baki,
ɗacin bai fita ba.