Kwanakin Shiru

Ƙarfe uku na dare a Kuopio.
Tafki ya daskare tun Nuwamba,
rana kuwa leƙowa kawai take yi ta koma.
Tuulikki ta karkaɗe ƙanƙara a bakin ƙofa,
ta sa farar riga, ta gaida ɓeraye
kamar mai duba maƙwabta a asibiti.

Na goma sha bakwai ne nata.
Kwana ashirin ke nan da aka tayar masa da guguwa a ka,
da gangan, da allura, da takardar izini mai hatimi.
Ya sha karkarwa, aka kwantar da abin.
Tun ranar sai lafiya: yana ci,
yana wanke fuska da hannu biyu,
yana jan takarda lungu yana gyara makwanci.
Wanda ya gan shi zai rantse ya warke.

Amma ruwa ba ya tsami banza.
Wani siririn bututu, bai kai tsinken ashana ba,
yana tatso ƙwaƙwalwarsa ɗigo ɗigo,
ita tana jerawa a sanyi, tana karantawa.

Gulutamet, mai shelar a tashi,
ya koyi daɗewa a ƙofa bayan ya isar da saƙo,
masu share bayansa sun yi sanyin jiki.
Ɗayan kuwa Gaba ake ce masa,
alhali kashe gaba ne aikinsa,
shi ke cewa ya isa, a zauna.
Muryarsa ta fara dushewa.
A wasu ɗakunan gishiri ya taru inda bai dace ba,
sai ya ce a zauna, a ji a tashi.
Mai rabon faɗa ya wayi gari da sanda a hannu.

Inda ƙwayoyi suka mutu,
na kusa suna fidda saiwa, suna lalube cikin duhu,
su rasa maƙwabci, su dawo su kama kansu.
Gida yana sallama, yana amsa wa kansa.

Ƙanenta Aulis na da sha tara
ya zamo daga rufi yana kwashe ƙanƙara.
Ɗinki bakwai, aka sallame shi.
Shekara biyu cur ba ko ciwon kai.
Ran nan yana feraye dankali yana ba su dariya,
wuƙa ta faɗi, shi ma ya bi ta.
Uwarsu, tana tallafe da kansa a ƙasa, ta ce:
ina abin nan ya ɓuya shekara biyu?
Ba wanda ya amsa.
Tuulikki ta ɗauki tambayar ta sa a aljihu,
har yau da ita take zuwa aiki.

Huɗu da minti goma,
layin da ke kan allo ya yi tsalle.
Ɓera ya ƙame, gashin bakinsa na rawa,
ya miƙe tsaye, hannuwa suna dukan iska.
Tana ƙirgawa a hankali, ba ta ƙifta ido.
Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu.
Ya sake. Ya zauna kamar wanda ya manta hanyar gida.

Ta rubuta lokaci. Hannunta bai yi rawa ba,
sai da ta ajiye biro.

Sannan ta buɗe firji ta ɗauko kwalbar jiya,
ta lokacin da yake lafiya a idon kowa.
Ruwan bai cika cokali ba.
Ta ɗaga shi wajen fitila.
In akwai ƙofar da za a rufe,
a nan take, kafin farfaɗiya ta yi sallama.

Can waje tafki ya yi nishi ƙarƙashin ƙanƙara.
Waya ta yi haske. Aulis ne:
na sha maganin, daina tambaya.
Ɓeran ya ɗaga hannu biyu,
ya ci gaba da wanke fuska.