Mai Jan Alƙalami

Shekara arba'in babana Delmer ya yi a maɗaba'a,
a wani ɗan gari cikin tsaunukan Ozak,
yana farautar kuskure da jan alƙalami.
Har yau in an miƙa masa jarida
ba labari yake karantawa ba, ɓaraka yake nema.

Na zo hutu, ƙanƙara maƙale a takalmina,
bai bari na ajiye jaka ba.
"Lorin, ke da kike karanta rubutun da ke cikin jini,
kin taɓa ganin kuskuren ɗab'i ya gyara littafi?
Harafi ɗaya ya kutsa, rai ya koma rami.
Kwafi daga kwafi, tawada sai dusashewa.
Tun daga Adamu gangarowa muke, 'yata,
wa ya ce miki hawa muke?"

Na nuna kofin madarar da ke hannunsa.
Na ce, "Baba, kakannin farko da an yaye su
cikinsu ya daina karɓar nono.
Harafi ɗaya ne ya sauya,
ga ka da furfura kana sha lafiya lau."

Ya kurɓa, ya share gashin baki.
"Fitila ce ta ƙi mutuwa don makunni ya lalace.
Lalacewa dai sunanta lalacewa.
Je ki kogon bayan gonar su Haskel,
kifin ciki ba shi da ido.
Asara ya yi. Nuna mini wanda ya ci riba."

Miya ta huce. Inna ta kwashe kwanoni
kamar mai ratsa tsakanin raguna biyu.

Da dare na shimfiɗa masa takardata a tebur.
Na ce, "Gwaggon biri dami ashirin da huɗu yake ɗauke da shi,
mu ashirin da uku.
Dubi na biyunmu da kyau.
Littafi biyu ne aka ɗinke a bango ɗaya.
Ga shafin ƙarshe a tsakiya, inda bai kamata ba,
ga tsohon ɗinki da ba ya riƙe komai."

Ya san wannan. Ya ɗinka irinsa da hannunsa.
Yatsansa ya tsaya a wurin, ya daɗe.
Agogon bango ya yi ta cin lokaci.
Can ya ce, "Ɗinki kuwa, ai da maɗinki."
Na ce, "Ban zo ƙwace maka Shi ba."
Ya ce, "To me kika zo yi?"
Ban sami amsa ba. Na kashe wuta.

A madubin matakala na ga farin gashin nan,
tsinke guda bisa goshi, irin nasa,
irin na uwarsa a tsohon hoto.
Kuskure ne, na sani, na ma san shafinsa.
Ba wanda ya taɓa son a gyara.

Da asuba ya riga ya tafi coci.
Ya share ƙanƙarar da ta binne motata.
Takardata na kan tebur, kofi ya danne ta:
waƙafi biyu ya gyara da ja,
suna ɗaya na rubuta ba daidai ba,
gefen ɗinkin nan kuma,
inda yakan soke abin da bai yarda da shi ba,
bai soke ba.
Ɗigo kawai, inda bakin alƙalami ya huta.