Sai An Ga Alli

Da asuba ruwa ya janye daga gaɓar Sitakunda,
ya bar jirgin kwance cikin laka
kamar mushen giwa mai jiran mahauta.
Mu ne mahautan.

Tuhin, kwananka uku da zuwa daga Rangpur,
takalmin ƙafarka ma na aro ne.
Ajiye wutar yankan nan tukuna.
Ƙarfe ba ya gudu.

Ka ga tankin can mai rufaffen baki?
Shekara ashirin yana shan mai.
An kwashe man, amma numfashinsa na nan ciki,
ido ba ya ganinsa,
tartsatsi ɗaya tak yake jira.
Sai an buɗe shi ya sha iska,
sai Shefali ta zura na'urarta ta karanta,
ta ɗauki alli ta rubuta a jikinsa: a shiga.
In ba ka ga allin ba,
ko mai gida ya yi tsawa, zama kurma.

Mofizul bai jira alli ba.
Ya ce hancinsa ya fi na'ura,
ya ce yini na ƙurewa.
Abin da muka kai wa uwarsa
agogo ne,
da kwanon shinkafar da bai buɗe ba.

Farin abin nan da ke naɗe da bututu,
mai laushi kamar auduga,
kada ka karkaɗe shi.
Rufe hanci, jiƙa shi, ɗaure a buhu.
Ba ya kisa yau.
Bashi yake rubutawa,
ya zo karɓa ranar da ka yi furfura,
cikin tarin da ba ya jin magani.

Igiyar ƙarfe kuwa, in ta miƙe tana kuka,
fita daga hanyarta.
Dubi hannuwana. Ƙirga.
Takwas.
Sauran biyun na wani wuri a lakar nan,
tun zamanin da muke aiki da silifa,
muna cewa abin da zai samu mutum ba ya kuskure.
Gaskiya ne. Amma hular kwano ma
Allah ne ya ba mu hankalin sa ta.

Kafin ka taka, duba ƙasa.
Kafin ka tsaya, duba sama.
To, miƙo mini ashana.

Yaron bai miƙo ba.
Ya durƙusa, ya bi tiyon gas ɗina da yatsa,
ya ɗebo ruwan sabulu ya shafa.
Kumfa ta taso, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya,
daga tsagar da na yi mako ina tsallakewa.

Na kashe tukunyar.
Na daɗe ban ce komai ba.

Da magariba muka rataye huluna a ƙusa.
Arba'in da ɗaya muka shiga.
Shefali ta ƙirga sau biyu,
sannan ta mayar da allin aljihu.