Hoton Kwalli

Mai zanen ya ce, "Ki kawo hoto ɗaya,
ba goma ba. Ɗaya, wanda idonta ya fito."
Shagonsa na Barnawa, bayan mai gyaran fanka,
sunansa Kazah, yatsunsa duk shuɗi,
yana magana yana goge buroshi a gwiwar wando.

Na hau Keke Napep na tsallako gada,
ruwan kogi ya yi jawur, damina ta kai tsakiya.
Na zauna bakin gado na buɗe waya.
Ɗari uku da goma sha ɗaya.
Ashe shekara bakwai ina bin kyanwa da waya
ban taɓa kama ta ba.

Ga ta nan, wutsiya kawai,
ta fice daga hoton kafin in danna.
Ga ta da dare, an ɗauke wuta,
fitilar waya ta mai da idanunta korayen garwashi,
Rumasa'u ta ce, "Goge wannan,
sai ka ce ba a gidan mutane ta tashi ba."
Ga ta daga sama, ina tsaye a kanta,
kai ƙato, ƙafafu kamar na ɗan tsako.
Kazah ya gargaɗe ni: "Nemi wanda kika durƙusa kika ɗauka.
Ba a sanin dabba daga tsaye."
Ni kuwa ban cika durƙusawa ba,
gwiwa ce ko girman kai, oho.

Akwai ɗaya tsaf, kowane gashi a ƙirge,
hasken taga ya sauka daidai gefen fuska.
Amma teburin ƙarfe ne a ƙarƙashinta,
na asibitin dabbobi, wata Laraba.
Ta tsaya ne don ba ta da ƙarfin gudu,
shi ya sa hoton bai girgiza ba.
Wannan ba Kwalli ba ce.
Wata mai haƙuri ce ta ari fatarta kwana uku.

Kwalli ɓarauniyar kifi ce.
Ta cinye bandar Maman Ladi, sai da kuɗi aka yi sulhu.
Kunnen hagu a tsage tun faɗan kan katanga,
barcinta a kwandon albasa,
kuma ba ta amsa kira
sai in murfin tukunya ne ya yi.

Sai gab da asuba na same shi,
cikin waɗanda ban taɓa tura wa kowa ba.
Ba wani mai kyau ba ne. Ya ɗan karkace.
Ran nan a ƙasa nake zaune ina tsince shinkafa,
shi ya sa muka zo ido da ido.
Tana kan keken ɗinkin Baba, hantsi a goshinta,
baƙin da ya zagaye idon kamar yau aka zizara,
tana hararata
hararar mai gida ga ɗan haya.
A gefe kuma, hannu:
yatsu huɗu da zoben azurfa,
ya tsaya a iska, bai kai ga bayanta ba.
Baba ya riga ta tafiya da damina biyu.

Na koma Barnawa.
Kazah ya buɗa hoton da yatsu biyu,
ya kusanto da idon, ya ce, "Yawwa, ga haske a ciki.
Kunnen nan fa, in gyara?"
Na ce a'a, haka take.
"Keken ɗinkin?"
Na ce yadda ka gani.
Ya yi shiru, ya ɗora farce a gefen hoton.
"Wannan zai ƙara dubu biyar.
Hannun mutum ya fi kyanwa wuyar zane."

Na buɗe jaka ina ƙirgawa.
A waje mai gyaran fanka ya kunna wata,
ta juya sau biyu, ta tsaya.