Faci Daga Ciki

Shekara ashirin da bakwai ina faci
A Ƙofar Guga, gindin wata bedi,
Inda motoci ke miƙewa Jibiya.

Na san ƙusa, na san tsinin kwalba,
Na san robar da rana ta cinye.
Waɗannan duk suna yoyo, suna faɗar ciwonsu,
In na tsoma su a ruwa sai kumfa ta tona asiri.
Wanda nake tsoro shi ne mai kumburi,
Gefe guda ya yi laushi ya tasa kamar kumatu,
Ba ya tsiyaya, ba ya gargaɗi,
Sai dai ka ji tas! a tsakiyar hanya.

Ran wata Talata bayan la'asar
Ina ba babur ɗin Malam Tukur iska,
Wani abu ya soke ni a bayan ido.
Na ɗaga kai, Sada yarona ya zama biyu,
Fatar idona ta sauko kamar labule
Ta ƙi komawa har safiya.

Suka sa kaina a cikin wani inji mai gurnani.
Dakta Murja ta ɗaga hoton ga haske:
Ga wata bishiya, rassa sun cika ƙoƙon kaina,
A jikin reshe ɗaya, can ciki,
Ɗan ƙullutu bai kai ɗan magarya ba.
Ba ta gama bayani ba na tare ta:
Likita, na gane shi. Ciwon taya.

Na ce, a sana'armu sai an zare tiyub,
To ni ma fasa ni za ku yi kamar ƙwarya?
Ta ce a'a, Baba Lawandi,
Inda zan tura ka, ƙofarsu tana cinya.
Na dubi cinyata, na shafa kaina.
Tsakaninsu ai tafiya ce!
Hansai na gefe tana kuka, sai ta yi dariya.

Kuɗin fa? Kada ma a tambaya.
Keken ɗinkinta ya tafi, injin iskata ya bi shi,
'Yan layinmu suka zagaya da faranti,
Ƙanena ya kaɗa raguna biyu da tunkiya.

Ni dai barci na yi, labari aka ba ni.
Wai wani bututu, tsinken tsintsiya ya fi shi kauri,
Ya shiga kogin jinina yana haurawa,
Ya wuce ciki, ya gifta ta gefen zuciya,
Ya hau wuya, ya bi kwana-kwana,
Suna kallonsa a allo kamar mai bin sawu,
Har ya tsaya a bakin ƙullutun.
Nan suka zura waya mai laushin gashi,
Ta naɗe, ta naɗe, ta yi gammo a ciki,
Jini ya zo ya tarar an toshe ɗakin,
Ya kama gabansa a cikin jijiya.

Da na farka na lalubi kaina.
Ko aski ba su yi mini ba.
Filasta ce kawai a matsematsi,
Facin da nake wa keke ya fi ta faɗi.
Suka ce kada ƙafar ta motsa sai dare,
Na kwanta ina jin kishin sana'a da kunya.

Yanzu da famfon ƙafa nake ba da iska,
Idon ya buɗe, saura kaɗan.
Wata shida zan koma a sake hoto.
Jiya wani direba ya kawo mai kumburi,
Ya ce, lallaɓa mini ita ta kai ni Batsari.
Na daɗe da tafina a kan wurin.
Na ce, ɗan'uwa, wannan ba ni da wayarta.
Sauke ta. Sada, mirgino masa wata taya.