Ɗinkin Magana

Ba na fara rubutu sai na auna bakuna.
Tela ma sai ya ga kafaɗa yake taɓa almakashi.

Bana ɗalibai goma sha tara suka ɗaga hannu,
labarina kuwa mutum shida ya ɗauka.
Dole na fasa masa ƙofofi:
na ƙaro maƙwabciya, na ƙaro ƴan ga-ruwa biyu,
da kurman da ba ya jin komai sai ƙarar kuɗi,
da akuya.
Laminu ya rantse shi ne akuyar.

Maganar ba a ɗakina take kwana ba.
Ƙarfe ukun dare, in famfon Garin Malam ya yi tari,
nakan kai jarkata layi, in laɓe a baya,
kaye a aljihu, kunne a waje.
Can na tsinci wannan:
"Baiwar Allah, dutsenki ne ya kwana a layi, ba ke ba."
Kayen ya jiƙe, na rubuta a tafin hannu,
na taho gida hannu a buɗe kamar mai addu'a.

Harisu yana i'ina.
Wata biyu ina kallonsa can ƙuryar aji,
sai ran da aka sace masa biro
na ji fushi ya miƙe masa harshe kamar hanyar Mirya.
To, na ba shi mai famfo,
mutumin da ke faɗa tun shigowa har fita.
Falmata kuwa muryarta ba ta kai taga,
amma in ta ɗaga gira ɗaya aji yakan yi tsit.
Na soke mata jimla goma sha ɗaya,
na bar mata shiru, da kalma guda a ƙarshe.

Akwai layin da na kwana uku ina gogewa:
"Ƙishirwa sarauniya ce, rana ce rawaninta."
Usaina ta karanta, ta tsaya, ta dube ni.
"Mushe, wa ke magana haka?"
Na ce to ke ya za ki ce?
Ta ce, "Ni dai maƙogwarona ya zama tsohon takalmi."
Na ja jan biro a kan nawa.
Har yau in na tuna shi nakan yi masa ta'aziyya.

Dirakta ya ce jarrabawa ta matso,
minti arba'in, kada a ɗara,
kada kuma a ambaci sunan kowa.
Muka ɗaure tebura takwas da igiya,
labule zannuwan Tsahara ne, matata,
da sharaɗin su dawo a wanke.

Ran wasa wuta ta ɗauke, aka haska da fitilun babura.
Ina tsugune bayan zane, kaye a gwiwa,
ina jiran wanda zai manta in raɗa masa.
Ba wanda ya waiwayo.
Akuya ta yi kuka inda ban rubuta ba,
iyaye suka kwashe da dariya, na bar mata.
Da Harisu ya jefo maganar dutse,
wata mata daga Birni ta miƙe, goyo a baya:
"Wallahi ni na faɗi wannan!"

Na rufe kayen.
Ashe aro na yi, ga mai kaya ta zo.